Tambayoyi da Amsoshi: Wa Ke Riƙe da Ƙofofin Kalsiyam a Tsokar Jijiyoyin Jini?

Duk wanda ya taɓa raka mahaifi ko mahaifiya asibiti saboda hawan jini, da wuya a ce bai ji sunan amlodipin ko nifedipin ba. In ka tambayi mai ba da magani aikinsu, zai ce maka ƙofar kalsiyam suke toshewa. Daga nan tambaya ke haifar tambaya: wace ƙofa, a ina take, kuma kafin a ƙirƙiro magani wa yake buɗe ta yana rufewa? Ga amsoshin tambayoyin da ɗaliban kiwon lafiya da masu jinya suka fi yi.

Wai dama jijiyar jini tana da tsoka?

Tana da ita. Mutane da yawa suna ɗaukar jijiyar jini kamar tiyon ban ruwa, wanda abin da aka tura masa kawai yake wucewa da shi. Ba haka take ba. Bangon jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya hawa uku ne: shimfiɗa siririya daga ciki wadda jini ke gogawa, tsoka a tsakiya, sai ɓawo daga waje. Ƙwayoyin wannan tsoka dogaye ne masu tsini kai biyu, kuma sun naɗe jijiyar ne kamar yadda rawani ke naɗe hula. In suka ɗaure, ramin ya tsuke. In suka saki, ya buɗe. Ba ka da iko da su yadda kake da iko da damtsenka. Kana barci suna aiki.

Ɗan tsukewar nan ba ƙaramin abu ba ne. Wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, ya nuna tun a ƙarni na 19 cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar ruwa a cikinsa tana ninkuwa sau 16. Shi ya sa ƙananan jijiyoyi, waɗanda wasunsu ba su fi kaurin gashi ba, su ne suka fi kowa riƙe da awon jinin mutum.

To me ya haɗa kalsiyam da tsoka? Ba na ƙashi ba ne?

Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar shi ne ɗan aike. An fara gane haka a Landan a 1883, lokacin da Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa a wani ruwan gishiri da mataimakinsa ya haɗa, alhali ya kamata ta tsaya. Ashe mataimakin da ruwan famfo ya haɗa shi maimakon tataccen ruwa, kuma ruwan famfon yana ɗauke da kalsiyam.

Ƙwayar tsoka tana wahala sosai wajen kore kalsiyam daga cikinta, har wanda ke waje ya fi na ciki yawa fiye da sau 10,000. Kamar madatsar ruwa ce da ta cika maƙil: da an ɗaga ƙofa, ruwa ba ya jiran a tura shi. Da kalsiyam ya shigo, sai wani furotin mai suna kalmodulin ya kama guda huɗu, ya je ya tada wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aiki a jiki, da ake taƙaita sunansa da MLCK. Shi kuma ya taɓa mayosin, furotin da ke jan zaren tsoka, sai ƙwayar ta ɗaure.

Yaya ƙofar take?

Furotin ne babba da ya ratsa fatar ƙwayar, da ɗan rami a tsakiyarsa wanda ke zaɓen kalsiyam ya bar sauran sinadarai a waje. Ƙofofin kalsiyam iri-iri ne, amma wadda ta fi tasiri a jijiyoyin jini ita ce ake kira Cav1.2, daga dangin L.

Lantarki ne ke buɗe ta. Tsakanin cikin ƙwaya da wajenta akwai ɗan bambancin lantarki, ana auna shi da milibolt. In bambancin ya yi nisa, wajen -60, yawancin ƙofofin a rufe suke. In ya ragu zuwa wajen -40, sai su riƙa buɗewa suna rufewa cikin gaggawa. Matsin jini kansa yana kawo wannan ragin: William Bayliss ya nuna a 1902 cewa jijiya in aka matsa mata daga ciki, maimakon ta miƙa wuya ta kumbura, ɗaurewa take yi. Haka ƙwaƙwalwa da ƙoda ke kare kansu daga ambaliyar jini.

Yau ana iya sauraron ƙofa ɗaya tak tana buɗewa, da wata dabara ta manna bakin siririn gilashi a fatar ƙwaya. Jamusawa biyu ne suka fito da ita a 1976, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka kuma karɓi lambar Nobel a 1991.

In lantarki ne ke buɗe ta, ina ruwan inzayim?

Lantarki shi ne mai ƙwanƙwasawa. Inzayim kuwa shi ke yanke yadda ƙofar za ta amsa: ta buɗe da ƙwanƙwasa ɗaya ko sai an yi ta bugu, ta daɗe a buɗe ko ta rufe nan take. Sarkin ƙofa ke nan a tsohon birni. Ba shi ya gina ganuwa ba, ba shi ya aiko fatake ba, amma shigarsu tana hannunsa.

Inzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki a jiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Gida biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko kainas, aikinsa ya ciro ɗan guntun fosfet daga ATP, makamashin ƙwaya, ya manna shi a jikin wani furotin. Na biyu fosfatas, aikinsa ya ɓamɓare abin da kainas ya manna. Fosfet ɗin ƙarami ne ainun, amma yana ɗauke da lantarki, don haka yana sauya zaman furotin da halinsa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan manna-da-ɓamɓara a shekarun 1950 a birnin Siyatil na Amurka, Nobel ɗinsu bai zo ba sai 1992. Jikin ɗan Adam yana da kainas sama da iri 500.

Wane inzayim ne ke ingiza ƙofar ta buɗe?

Babban mai ingizawa shi ne wani kainas mai suna PKC, wanda Yasutomi Nishizuka ya gano a Jami'ar Kobe ta Japan a 1977. Hanyar tada shi doguwa ce, kuma inzayim ne a kusan kowace gaɓa. In ƙoda ta ji jini ya yi mata ƙaranci, sai ta saki wani inzayim mai suna renin. Renin ya yanki wani furotin da hanta ke yi. Wani inzayim, ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya sake datse guntun, sai a sami anjiyotensin na biyu. Wannan ne ke sauka a fatar ƙwayar tsoka ya tada fosfolifas C, shi kuma ya tsaga wani kitse na fatar gida biyu. Rabi ɗaya ya tafi rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayar ya buɗe shi. Ɗaya rabin ya tada PKC.

A 2005, Manuel Navedo da Luis Fernando Santana da abokan aikinsu suka iya ganin shigar kalsiyam ta ƙofofin nan da ido, kamar walƙiyar ƙananan fitilu a fatar ƙwaya. Abin da suka gani ya sauya tunanin masana: ba ko'ina ke haskawa daidai ba. Yawancin ƙofofin jefi-jefi suke buɗewa, amma akwai wasu 'yan wurare da suke ta walƙiya ba hutawa, kuma wani reshe na PKC, mai laƙabin alfa, shi ke hura su. Wuraren 'yan kaɗan ne, amma kaso mai tsoka na kalsiyam ɗin da ke shiga ƙwayar ta nan yake bi.

Akwai wasu masu ingizawar, irin su Src da CaMKII, sai dai labarinsu bai kai na PKC shafar asibiti ba.

Wa kuma ke kwantar da ita?

Saƙon sassauci daga shimfiɗar cikin jijiya yake tasowa. Robert Furchgott, a birnin New York, ya ruwaito a 1980 cewa jijiyar zomo tana saki in aka zuba mata wani sinadari, amma in aka goge shimfiɗar cikinta ko da bisa kuskure, sai ta ƙi. Daga baya aka gane abin da shimfiɗar ke aikawa iska ce, naitirik oksaid. Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka raba lambar Nobel a 1998.

Iskar tana ratsawa cikin ƙwayar tsoka ta tada inzayim mai yin wani ɗan aike mai suna cGMP, shi kuma cGMP ya tada wani kainas, PKG. Shi PKG ba hanya ɗaya yake bi ba. Yana rage buɗewar ƙofar kalsiyam. Yana buɗe ƙofofin fotashiyam, waɗanda in suka buɗe bambancin lantarki ke komawa nesa, ƙofar kalsiyam ta rasa mai ƙwanƙwasa ta. Yana hana rumbun ciki zubar da nasa. Sannan yana ƙarfafa fosfatas ɗin da ke kwance mayosin. Aikin yana tsayawa ne in wani inzayim, PDE5, ya wargaza cGMP.

Wannan yana da alaƙa da cutar sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. In jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, sinadarin himogulobin da ya zube cikin jini yana haɗiye naitirik oksaid kafin ya isa ga tsoka. Yana cikin dalilan da ke sa wasu masu sikila su kamu da hawan jinin jijiyoyin huhu.

Sai wani abin mamaki da Mark Nelson na Jami'ar Vermont ya nuna a 1995: akwai tartsatsin kalsiyam da ke fitowa daga rumbun ciki, dab da fata, wanda maimakon ya ɗaure tsokar, buɗe ƙofar fotashiyam yake yi, jijiya ta saki. Kalsiyam ɗaya, sakamako biyu masu kishiyantar juna. Bambancin kawai inda ya zuba.

Littafi ya ce PKA yana sassauta jijiya, wani bincike kuma ya ce yana ɗaure ta. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a shafin nan.

Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne: in cAMP, ɗan aike irin cGMP, ya ƙaru a ƙwayar tsokar jijiya, PKA, wanda shi ma kainas ne, zai tashi, ya buɗe ƙofofin fotashiyam, jijiya ta saki. Hakan gaskiya ne, shi ke faruwa in cAMP ya bazu ko'ina a ƙwayar. Kuskuren shi ne ɗaukar ƙwaya kamar tukunyar kunu da aka dama, komai ya gauraya. Ƙwaya ta fi kama da gida mai sassa da yawa, kowane sashe da mutanensa.

Akwai wani furotin da ba inzayim ba ne, ba ƙofa ba ne, aikinsa kawai ɗauri. A ɓera ana kiransa AKAP150, a mutum AKAP79. Turke ne. Akuyar da aka ɗaure a turke ba ta cin ciyawar gari duka, iyakarta inda igiyarta ta kai. Wannan turken an kafa shi a gindin ƙofar Cav1.2, kuma dabbobi uku ake ɗaurewa a jikinsa: PKC, da PKA, da wani fosfatas mai suna kalsinyurin. Biyu na mannawa, ɗaya na ɓamɓarewa, duk a taku ɗaya da ƙofar. PKA ɗin da ke yawo a sauran sassan ƙwaya yana sassauta jijiya. PKA ɗin da ke kan wannan turke kuwa ƙofar kalsiyam ce kaɗai a gabansa, kuma in ya taɓa ta ƙara buɗewa take yi.

Hujjar ta fito fili a gwajin ɓeraye. A 2008 aka nuna cewa ɓerayen da aka haifa ba su da wannan turke, ko an yi ta ɗura musu anjiyotensin na biyu, jininsu ba ya hawa yadda na sauran ke yi. PKC yana nan a jikinsu, ƙofar tana nan, abin da ya haɗa su ne babu.

A 2017 kuma ayarin Navedo a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa in sukari ya yi yawa a kewayen ƙwayar, PKA na kan turke yana manna fosfet a wuri ɗaya tak a jikin ƙofar, gurbi na 1928 a jerin tubalanta. Daga nan kalsiyam ya ƙara shiga, jijiya ta ƙara tsukewa. Da aka sauya wannan gurbi ɗaya a ɓeraye yadda fosfet ba zai manu ba, sukarin bai iya tsuke jijiyoyinsu haka ba. An kuma ga ƙarin fosfet a gurbin a jijiyoyin mutane masu ciwon sukari.

Ke nan sukari ne ke kawo hawan jini?

Hanya ɗaya ce wannan cikin hanyoyi da dama. Ciwon sukari yana lalata shimfiɗar cikin jijiya, yana taɓa ƙoda, yana sandarar da bangon jijiya. Abin da binciken ya ƙara mana shi ne, ita ma tsokar tana jin sukarin kai tsaye. Mai ciwon sukari dai ya riƙa awon jininsa ko da ba ya jin komai.

Ƙofar nan ba ita ce a zuciya ba? Me ya hana amlodipin tsayar da zuciya?

Ita ce, amma ɗinkin ya ɗan bambanta. Ƙwayar jijiya da ta zuciya suna haɗa ƙofar da ɗan bambancin yanki, kuma ta jijiya ta fi karɓar magungunan dangin amlodipin. Ƙari a kan haka, waɗannan magunguna sun fi kama ƙofar in bambancin lantarki ya ragu, wanda shi ne halin da tsokar jijiya ke zaune a ciki kullum, alhali tsokar zuciya tana komawa wajen -85 tsakanin bugu da bugu. Berafamil da diltayazem kuwa, duk da su ma masu toshe kalsiyam ne, suna rage bugun zuciya, shi ya sa likita ke taka-tsantsan wajen haɗa su da irin su atenolol, waɗanda su ma ke rage bugun zuciya.

Ko inzayim ɗin ma ba salo ɗaya yake bi ba a wuraren biyu. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kolambiya suka nuna cewa a zuciya, in tsoro ko gudu ya tada PKA, ba ƙofar yake mannawa fosfet don ta ƙara buɗewa ba. Wani ƙaramin furotin ne mai suna Rad ke danne ta, PKA ya taɓa shi ya ɗaga.

Me ya sa ba a yi maganin da zai kama inzayim ɗin kawai ba?

An yi, sai dai yawanci daga nesa. Kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, ACE yake hanawa aiki, kuma asalin tunaninsa daga dafin wani maciji ne na Burazil da Sérgio Ferreira ya yi nazari. Lisinofiril ɗan gidansu ne. Losatan yana tare wurin saukar anjiyotensin. Naitirogilisarin da ake sa wa ƙarƙashin harshe saboda ciwon ƙirji, naitirik oksaid yake bayarwa. Sildenafil, wanda ya fito a 1998 da sunan Viagra, PDE5 yake riƙewa don cGMP ya daɗe. Shi ya sa haɗa shi da naitirogilisarin ko danginsa ganganci ne da rai: ɗaya na zuba ruwa, ɗaya ya toshe magudana, jini ya faɗi warwas. Masu sayen "maganin ƙarfin maza" a bakin titi su kula, don an sha samun sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe.

Kama PKC ko PKA kai tsaye kuwa da wahala, domin suna aiki a ƙwaƙwalwa da hanta da garkuwar jiki da kusan ko'ina. Dubi kalsinyurin: magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, saikulosforin da takurolimus, shi suke hanawa aiki don jiki kada ya ƙi sabuwar ƙodar, kuma hawan jini na cikin illolinsu sanannu, ta hanyar jijiyoyi da ta ƙoda. Dalilin da ya sa masana suka zuba ido a kan turken ke nan: in za a iya kwance inzayim daga gindin ƙofa ɗaya a bar shi a sauran wurare, an huta da yawancin illolin.

Me ya sa amlodipin ya fi yawa a takardun maganinmu?

A jimlace, baƙaƙen fata masu hawan jini sukan kasance da ƙarancin renin a jini, don haka maganin da ke tare hanyar renin shi kaɗai ba ya cika yi musu aiki kamar wanda ke zuwa ƙofar kai tsaye. An gwada wannan a nahiyar nan, ba a wani wuri ba. Binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019, ya ɗauki mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Najeriya da Kamaru. Bayan wata shida, haɗin magani biyu da ke da amlodipin a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Ga shi kuma yana daɗewa a jiki, sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, don haka sau ɗaya a rana ya isa.

Ƙafata tana kumbura tun da na fara shan sa. Ƙoda ce?

Sau da yawa ba ita ba ce. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kawo jini fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya riƙa tsatsafowa a idon sawu, musamman da yamma. Maganin da ke sa yawan fitsari ba ya cika warware shi. Ka koma wa likita ya duba, ya rage ko ya sauya haɗin, amma kada ka daina sha da kanka.

In na bar nono da madara, kalsiyam zai ragu a jijiyata?

A'a. Jiki yana riƙe kalsiyam ɗin jini a ma'auni ɗaya. In abinci bai kawo ba, daga ƙashinka zai ɗiba. Matsalar hawan jini ba yawan kalsiyam a waje ba ce, yawan buɗewar ƙofa ce. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ƙara wa masu juna biyu kalsiyam a inda abinci bai wadata da shi ba, don rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai ga jijjiga. Abin ragewa gishiri ne, ƙasa da giram 5 a rana, kuma a lissafa har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin ita ma kanwa sodiyam ne ya fi yawa a cikinta.

Akwai wani inzayim da mai shan maganin ya kamata ya san da shi?

Akwai, amma a hanta da hanji yake, sunansa CYP3A4, kuma shi ke narkar da amlodipin da nifedipin. Rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin fuka, yana ƙara yawan wannan inzayim, sai maganin hawan jini ya riƙa ƙonewa da wuri, jinin da ya lafa ya sake hawa. Kilaritoromaisin, maganin ƙwayoyin cuta, da ritonabir da ke cikin wasu haɗin magungunan ƙanjamau, akasin haka suke yi: suna danne inzayim ɗin, maganin ya taru a jiki, jiri ya kama mutum in ya miƙe, tsofaffi ma har ƙodarsu tana iya taɓuwa. Saboda haka in za a ɗora maka wani sabon magani, tafi da kwalayen waɗanda kake sha duka ka ajiye su a gaban likita.